Ranar da Yaya Ta Daina Cin Abincina

Litinin, 2 ga Yuni

Yau aka sallamo Yaya daga asibiti, kai tsaye gidana. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Baki ya karkace, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. 'Ya'yanta uku, babu mai wurin ajiye ta. Babban ya ce aiki, ta tsakiya ta ce miji, ƙaramin ko waya bai ɗauka ba. Ni da na wanke wa dukansu kashi suna jarirai, ni ce dai yanzu ma.

Na fitar da keken ɗinkina daga ƙaramin ɗaki na kai falo, na shimfiɗa leda a kan katifa. Maigida da direban motar suka ciccibo ta. Malama guda, shugabar makaranta shekara ashirin da biyu, wadda in ta yi gyaran murya yara ɗari biyar su yi tsit. Ta dube ni ta ce, "Auta." Ban sani ba ko gaisuwa ce ko aike.

Ya Ubangiji, ka ba ni zuciyar baiwa. Na rubuta ne don in gani da idona, ko za ta shiga.

Alhamis, 5 ga Yuni

Juyi duk bayan awa biyu, in ji nas, kada baya ya yi gyambo. Wanka da safe, famfas sau huɗu, magani sau uku, abinci mai laushi da ƙaramin cokali. Bayana kamar an daka. Rigar amaryar da na karɓa tana nan a kan keke, hannu ɗaya na ɗinka tun Litinin.

Na dai lallaɓa na je taron mata na coci. A ƙarshe matar Fasto ta yi tambayar da take yi kullum, "Wa ke da abin addu'a?" Na ɗaga hannu na ce yayata tana gidana ba lafiya. Magatakarda ta rubuta a littafin nan mai jan bango. Haka tsarinmu yake: duk abin da aka kawo sai an rubuta, ranar da masu ziyara suka je gidan mara lafiya sai a buɗe littafin a bi layi-layi, don kada a tsallake roƙon kowa. Ni ce ma na kawo shawarar, shekara shida ke nan.

Mata suka yi ta ce mini sannu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Wa'azin yau a kan tawali'u ne, yadda Ubangiji ya durƙusa ya yi wa almajiransa aikin bawa. Ana cikin haka Fasto ya ce akwai wata a cikinmu da ta mai da ɗakin sana'arta ɗakin jinya. Bai faɗi ko wace ce ba, amma rabin coci suka waiwayo. Na sunkuyar da kai yadda ya kamata. A ciki kuwa kaina ya kumbura, har na ji ɗankwalina ya matse ni.

Da na dawo na dama mata dankali da ƙwai. "Buɗe baki. Yauwa. Haɗiye. Kin ga kin zubar." Ina goge mata haɓa sai na tuna kicin ɗinta. Shekarata goma sha biyu Mama ta rasu, Yaya ta ɗauke ni. Tana koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, ni ina gida da goyo a baya da bokitin wanki a gaba. In ta yi baƙi, a kicin nake cin abinci, a tsaye. Wata rana wata baƙuwa ta tambaye ta wace ce wannan, ta ce, "Yarinyar da ke taimaka mini ce." Uwa ɗaya uba ɗaya!

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da hakan. Na yafe tuntuni, na sha faɗa a gaban mutane.

Cokalin ƙarshe na ɗan riƙe shi a sama kafin in ba ta. Ta bi shi da ido, baki a buɗe. Ban san me ya sa na yi haka ba.

Talata, 10 ga Yuni

Ta ɓata zanin gado sau biyu kafin rana ta yi tsaka. Ban yi faɗa ba, amma na yi tsaki ta ji.

Alhamis, 12 ga Yuni

Taron mata. Matar Fasto ta ce, "Maman yara, yaya mai jiki? Faɗa mana dalla-dalla, don mu san abin da za mu roƙa." Ni kuwa kamar jira nake. Na ce ba ta iya riƙe fitsari, bayan gida ma sai dai a ji wari. Na ce ranar Talata ta shafa shi har a bango da hannunta mai lafiya, ko don ta share ne ko don me, oho. Na ce tana kuka kamar jaririya in an tuɓe ta, tana kiran Mama. Na ce yawu na zuba, sai na ɗaura mata tawul a wuya. Har kwaikwayon yadda take cewa "ruwa" na yi, wasu suka yi dariya suka rufe baki da sauri.

"Kai! Malama?" in ji wata. "Malamar da muka sani?"

Magatakarda tana ta rubutu, har ta juya shafi.

Kowa ya rungume ni sai Tsintsiya. Haka muke kiran tsohuwar da ke share coci da wanke bayi, a bayan idonta dai. Shekara da shekaru ban taɓa jin ta ba da shaida ko ta ɗaga waƙa ba, kullum tana kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Tana haɗa kujeru ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Me ya dame ta?

Asabar, 14 ga Yuni

Uwar amarya ta zo ta ƙwace rigar 'yarta, hannu ɗaya kawai a ɗinke. Ta faɗa mini magana son ranta. Na ce mata hidimar Ubangiji nake yi, ta ce to Ubangiji ya ɗinka ɗaya hannun.

Talata, 17 ga Yuni

Masu ziyara sun zo, su takwas. Tun safe na gyara ɗakin, na fesa turare, na sa wa Yaya rigar da na ɗinka mata. Na jera famfas da safar hannu da magunguna a kan tebur inda za a gani, na wangale ƙofa. Biyu daga cikinsu ɗalibanta ne na da, ɗaya kuma ta yi koyarwa a ƙarƙashinta. Da ta gan su sai ta yi ƙoƙarin gyara zama, ta ɗaga haɓa, kamar ta dawo ofis. Har ta ce wa ɗayar, "Lissafi?" aka yi dariya, don ita ce mai faɗuwa lissafi a aji.

Aka yi waƙa. Sai magatakarda ta buɗe jan littafi, matar Fasto tana addu'a tana bin layi, yadda aka saba.

"Ya Uba, ka tsayar wa baiwarka fitsarin nan da ke kuɓuce mata." Amin. "Ka hana hannunta shafa ƙazanta a bango." Amin. "Ka share mata kukan da take yi in an tuɓe ta." Amin. "Ka ƙara wa ƙanwarta haƙuri, wadda take kwasar kashinta ba ƙyama." Amin da ƙarfi.

Kowa ido a rufe. Ni na buɗe nawa, ban san dalili ba. Na Yaya a buɗe suke, kuma ni take kallo. Ba hawaye, ba komai. Kallo kawai, har aka gama layi goma sha ɗaya.

Da za su tafi kowa ya kama hannunta mai lafiya, ba ta riƙe na kowa ba.

Da yamma na kai shinkafa da romon kaza. Ta datse baki. Na ce gajiyar baƙi ce.

Laraba, 18 ga Yuni

Ba ta ci ba. Safe, rana, yamma.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ba ta ci ba. Magani da kurɓin ruwa ta karɓa a hannun Maigida kafin ya tafi aiki. In ni ce, ko ruwan ba ta sha. Na sauya abinci kala uku. Ban je taro ba.

Ba ta ce "Auta" ba tun Talata.

Juma'a, 20 ga Yuni

Nas ta zo, ta duba harshe, ta ja fatar hannu ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce ba maƙogwaro ba ne, tana iya haɗiya sarai, ƙi ne kawai. In har Litinin ba ta ci ba, sai a koma asibiti a zura mata roba ta hanci, kuma irin waɗannan in suka sa kansu tafiya, roba ba ta cika riƙe su ba. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru. Na ce babu.

Da ta fita Maigida yana ɗaure takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Matar maƙwabcinmu ta tare ni a bakin titi tana tambaya ko an wanke bangon. Ita ba ma cocinmu take zuwa ba."

Na ce, "Addu'a na nema mata. Laifi ne neman addu'a?"

Ya ce, "Allah bai san tana fitsari ba sai kin gaya wa mata arba'in?"

Na ce ya zo ya kwashe kashin na kwana ɗaya tukuna sannan ya yi mini wa'azi. Ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara ashirin da tara da aure, bai iya faɗa ba, sai dai ya ajiye maka magana ɗaya ya bar ka da ita yini guda.

Asabar, 21 ga Yuni

Zan rubuta, ko da ba na so.

Na shiga da madara da burodi jiƙaƙƙe. Na roƙe ta. Na ce don Allah, na ce don Yesu, na ce don Mama. Ta kafe ido a silin. Sai wani abu ya taso mini. Na kama haɓarta na matse, na tura cokali. Ya bugi haƙori, ya yanki leɓe. Jini ya gauraya da madara ya gangaro kan tawul.

Ban tsaya ba, wannan ne abin. Na ce, "Ki ci! Ni na ci naki a tsaye a kicin shekara tara ban mutu ba! Yarinyar da ke taimaka miki ce, ko kin manta? To ga ta tana taimaka miki!" Na yi ta faɗa, har da abubuwan da ban san ina riƙe da su ba. Takalmin makaranta da ta saya wa 'yarta ta ba ni tsohon. Ranar da na ci jarrabawa ta ce wa zai riƙe jariri.

Ta saurara har na gama. Sai ta juyar da kai bango, iyakar inda wuyan ke kaiwa.

Na wanke cokalin, na goge mata leɓe. Ashe ban yafe komai ba. Ajiye shi na yi wuri mai kyau, na jira ta kwanta.

In ta mutu, ni ce. Ba ciwon ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ban je sujada ba. Na kasa tunanin fuskar Fasto.

Wajen ƙarfe biyu aka ƙwanƙwasa. Tsintsiya ce, da tsohuwar kular abinci a cikin jakar leda, ƙafafunta duk ƙura. Mota biyu take hawa kafin ta zo unguwarmu. Ta ce ta ji Malama ba ta cin abinci. Na ce an gwada komai. Ta ce, "To. In gaishe ta?"

Ta shiga, ta juyo ta dube ni, ta rufe ƙofa a hankali. A gidana!

Na tsaya a bakin ƙofar kamar ɓarauniya. Ba waƙa, ba addu'a da ƙarfi. Na ji ta ce, "Malama, ina wuni. Ni ce uwar yaron nan da kika hana a kora, mai in-ina. Yanzu yana gyaran lantarki." Can sai, "Na yi ɗan romo ne, ban sani ba ko ya yi. Ki ɗanɗana mini ki faɗa." Na ƙara kasa kunne. Sai ƙarar cokali a jikin kula.

Ta fito bayan awa ɗaya. Cokali bakwai, in ji ta, da rabin kofin ruwa. Na zauna a kan kujerar keken ɗinki. Ya kamata in yi murna, na yi kuwa. Amma har da haushi, wallahi, har da haushi. Mako uku ina ɗawainiya, mai wanke bayi ta zo da romo mai ruwa-ruwa a buɗe mata baki.

Ta ga leɓen. Ba ta tambaya ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Na gwada da safe. Baki a datse.

Tsintsiya ta dawo da rana, Yaya ta ci cokali goma. Nas ta ce a dakata da maganar roba, a ga mako.

Amma tsohuwa ba za ta iya dafawa a ɗakinta ta ɗauko a mota biyu kullum ba, ga aikin coci. Ni na kawo dabarar: in dafa, ta biyo ta ƙofar baya in zuba a kularta, ta zagaya ta shigo ta gaba ta yi sallama.

Ta ce, "Ni dai ba zan yi ƙarya ba. In ta tambaye ni wa ya dafa, zan faɗa."

Na ce to in ta daina ci fa?

Ta ce, "Sai mu san abin yi. Amma ke, za ki iya? Ba wanda zai sani fa."

Na ce me zai hana. Ta dube ni irin kallon ranar nan na haɗa kujeru.

Laraba, 25 ga Yuni

Tsintsiya ta nuna mini yadda ake wanke mutum ba a tuɓe shi gaba ɗaya ba. A rufe da zani, a buɗe inda za a wanke kawai, a mayar, a matsa gaba. A riƙa faɗa kafin a taɓa: Malama, zan ɗaga ƙafa. Ta ce haka ta yi wa mijinta shekara huɗu. Ban taɓa sanin ta yi jinyar miji ba. Ba ya cikin jan littafi, na tabbata, don ni nake duba shi duk ƙarshen wata.

Yau Yaya ba ta yi kuka a wanka ba. Ba ta kuma dube ni ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na je taro don kada a ce. Labari ya riga ni. Matar Fasto ta tsayar da Tsintsiya a gaba, tsohuwa kamar ta nutse, aka tafa mata. Wai ita ke dafa wa Malama abinci kullum ta kai mata. Ta buɗe baki za ta gyara, muka haɗa ido, na girgiza kai. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan yana isa gidana kafin ni.

A bayana na ji wata tana raɗa, "Ashe ƙanwar ko girki ta daina yi mata. Dama abin na ganin ido ne." Wata ta ce ai ta ji har duka ake yi.

Maganar tana kan harshena. Ni nake tashi in yanka, in dafa, in fifita, in zuba a kula. Jimla ɗaya ce, da na wanke kaina. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

"Wa ke da abin addu'a?" Matar Fasto ta dube ni. Na ce babu.

A hanya na yi kuka, kuma ba na tuba ba ne, na baƙin ciki ne. Ina son a san ni ce. Har yanzu ina so.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na rufe ƙofa, na durƙusa a gefen gadon, na ce, "Yaya, na tona miki asiri, na kuma ji miki ciwo. Ki yafe mini." Na shirya magana mai tsawo, iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta kalli bango. Na jira har gwiwoyina suka yi tsami, sannan na tashi na juya ta, don lokacin juyi ya yi.

Talata, 1 ga Yuli

Nas ta ce ƙafar ba za ta dawo ba, hannun ma da wuya. Haka za a zauna, ko shekara nawa ne. Babban ɗanta ya kira, minti biyu, ya ce Allah ya saka.

Alhamis, 3 ga Yuli

Bayan taro na sami magatakarda ita kaɗai, na ce ta yage mini shafin Yaya. Ta zaro ido. Ta ce ba a yage komai daga littafin addu'a, sai dai a sa alama in an amsa, kuma ai ni na kafa dokar. Na ce na sani. Na ce to in an sake zuwa ziyara kada a buɗe shi. Ta ce sai ta tambayi matar Fasto.

Layi goma sha ɗaya, suna nan a kabad ɗin coci, da kyakkyawan rubutu.

Litinin, 7 ga Yuli

Mako biyu ke nan ana zagaye da kula. Yaya ta ɗan yi kumatu. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce famfas, kuma har yau in na shiga bango take kallo.

Yau Tsintsiya ta fito da kula ba komai a ciki, ta same ni a kicin, tana ta murmushi tana ɓoyewa. Na ce lafiya? Ta ce Malama ta ba da saƙo. Wai ta kai cokali na uku sai ta tsaya, ta turo wani abu da harshe, ta dube shi a kan tawul. Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Ce wa Auta... albasa... manya."

Na ce, kin gaya mata ne? Ta ce ko kusa, ba ta taɓa tambaya ba.

Tun yaushe ta sani? Tun ranar farko mana. A kicin ɗinta na koyi girki, ta sha buga mini ludayi a yatsu a kan yankan albasar nan. Ta sani, kuma ta ci, mako biyu.

Raina ya ɓaci fa. Mutum yana kwance ko juyi ba ya iya yi, bai ce na yafe ba, bai ce sannu ba, sai gyaran albasa. Na ce wa tsohuwa ta ga halin Yaya ke nan, haka take tun ina yarinya. Ta ce, "To, gobe in biyo ta baya ko ta gaba?" Na ce ta baya, yadda aka saba. In Yaya ta fi son haka, a bar ta da haka.

Maigida ya dawo ya same ni ina wasa wuƙa a bayan turmi. Ya ce me za a yanka? Na ce babu ruwansa.

Na gwada a kan albasa guda biyu. Ta farko ba ta yi ba. Ta biyu ta fito siriri, har ana ganin wuƙa ta cikinta. Idona ya yi ta zuba, albasar bana akwai yaji.